Telan Da Ya Saki Kujera

A layin masu sana'a da ke bayan tashar mota akwai wani tela da kowa ke kira Injiniya. Ba makarantar injiniyoyi ya yi ba. Wata rana ce fankar shagonsa ta tsaya, ya kwance ta ya mayar, sai ta dawo tana juyi da baya, tana zuƙe iska maimakon ta bayar. Ya tsaya a bakin ƙofa gumi na tsiyaya, yana gaya wa masu wucewa cewa irin ta zamani ce, zafi take janyewa. Tun daga ranar sunan ya bi shi, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta a allon shago.

Ɗinki kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Shekara ashirin da biyu ya yi a kan kujera ɗaya ta katako, daga safe har faɗuwar rana, wuya a lanƙwashe, ƙafafu a kan feda. Ko shayi zai sha sai dai a miƙo masa. Tumbi ya fito ya zauna a cinya, numfashi ya fara yi masa nauyi idan ya hau matakala uku, shi kuwa cewa yake ƙiba ce ta kwanciyar hankali.

Wata safiya allura ta faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, sai bayansa ya ce ƙas. Ya yi yunƙurin miƙewa, wata azaba ta tsarga masa daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. A nan ya tsaya a sunkuye, har Mai Aski, wanda bango ɗaya ya raba shagonsu, ya leƙo.

“Injiniya, me ka yar?”

“Ba komai. Simintin nan nake dubawa.”

“Tun ɗazu?”

“Aikin bai yi kyau ba. Don Allah kira min maman yara.”

Matarsa ta zo ta kai shi asibiti a kwance a kujerar bayan motar haya. Likitar da ta duba shi ta danna nan ta danna can, ta auna jininsa, sannan ta tambaye shi awa nawa yake yi a zaune kullum.

“Bai wuce huɗu ba,” in ji shi.

“Goma sha ɗaya ne, Likita,” in ji matarsa. “Sauran kuma yana gaban talabijin.”

Likita ta ce, “To ga ciwonka nan. Ba a yi jikin mutum don ya yini a naɗe ba. Naman da ke riƙe da ƙashin bayanka ya saki, nauyi duk ya koma ƙugu. Jini ba ya gudu a ƙafa, ga tumbi, ga hawan jini ya fara leƙo ka. Abin da nake so mai sauƙi ne. Duk rabin awa ka tashi ka taka na minti uku ko biyar, ka yi miƙa. Ka sa ƙaramin matashi a ƙugu. Da yamma ka zaga unguwa da ƙafa. Shi ke nan.”

Ya kwana huɗu a gida yana shan magani har bayan ya saki. A kwanakin nan ne dabara ta faɗo masa. Ya kira matarsa ya ce, “Maman yara, likitar nan tana da ƙoƙari, amma lissafi ya gagare ta. Idan tashin minti biyar magani ne, tsayuwar yini guda fa? Ai warkewa ce gaba ɗaya. Daga yau na saki kujera, saki uku.”

Ta ce, “Ka dai saki taka. Na falo nawa ne, kada ka ko kalle su.”

Ranar Litinin ya buɗe shago, ya ɗauki kujerarsa ya ajiye a tsakiyar layi. Ya koma ya fito da bencin da masu kawo ɗinki ke zama, ya ɗora mata. Mutane suka fara taruwa.

“Tashi za ka yi daga shagon?” in ji Mai Walda, yana ɗage baƙin gilashinsa.

“Ku ne za ku tashi, daga barci,” in ji Injiniya. “Kun ga abin nan mai ƙafa huɗu? Shi ne ke cinye ku a hankali. Duk mai ciwon baya, duk mai tumbi, duk mai hawan jini, ga wanda ya yi masa aikin. Ni na gano, likita ma ta yarda da ni.”

Mai Aski ya ce, “Ni da nake yini a tsaye kan kawunan mutane, zo ka ga jijiyoyin ƙafata, kamar igiyar guga.”

“Tsayuwarka ba ta ilimi ba ce.”

“To, ba ni kujerar in ƙarasa lalacewa.”

Ya ɗauke ta ya kai ƙofar shagonsa, ya zauna ya miƙe ƙafa ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi yadda Injiniya zai ji.

Sai aka zo batun ɗinki. Keken Injiniya na ƙafa ne, wanda ya ƙera shi kuwa bai taɓa tunanin za a yi mai takawa a tsaye ba. Da ya tsaya a gabansa sai da ya lanƙwashe biyu kafin ya ga allura. Cikin minti goma bayansa ya fara gunaguni. Ya ɗauko bulo shida ya ɗora keken a kai. Tebur ya zo daidai ƙirji, amma feda ma ta biyo shi, ta dawo wajen gwiwa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya yana dannawa kamar mai tayar da babur da ya ƙi tashi. Wata mata da ta kawo gyaran siket ta tsaya tana kallo, ta naɗe kayanta a hankali ta ce za ta dawo.

Ya haye shagon Mai Walda da zane a bayan kwalin maɓallai. “Ka yanke ƙafafun keken nan ka ƙara musu tsawo. Tebur ya hau sama, feda ta zauna a ƙasa.”

“Ƙarfen nan na zubi ne, ba ya son walda,” in ji Mai Walda. “Zai kama yau, gobe ban sani ba.”

“Kai dai ka liƙa. Tunani nawa ne.”

Aka liƙa. Keken ya tashi dogo, siriri, kamar raƙumin dawa. Bel ɗin da ke haɗa tayar ƙasa da ta sama ya yi gajere, sai Injiniya ya je gida ya kwance igiyar shanya. Da yamma matarsa ta fito da wanki a bokiti ta tarar da ƙusoshi biyu suna kallon juna.

“Baban yara, ina igiyata?”

“Tana aikin ceton al'umma.”

“Al'umma za ta sa rigar da ba ta bushe ba gobe.”

Ana cikin haka babban aikinsa na shekara ya shigo. Wani tsohon soja da ake kira Sajan, shugaban masu gadin wata masana'anta, shekara tara ke nan Injiniya ke ɗinka wa mutanensa kayan aiki. Ya zo da bandir ɗin shuɗin yadi a kafaɗa, ya waiga hagu da dama yana neman wurin zama.

“Ina bencin?”

“Na ceci bayanka, Oga.”

“Bayana bai kawo maka ƙara ba. Saurara. Riga da wando, mutum goma sha biyu, awonsu yana littafinka. An sayar da masana'anta, sabbin masu ita za su zo ranar Alhamis ta sama su duba mu. Idan ba mu burge su ba, wasu za su kawo. Mutanena duk masu iyali ne. Laraba da safe nake so.”

Injiniya ya bugi ƙirji. “Da a zaune nake, da sai in ce Laraba. Yanzu da jini ke gudu har ƙwaƙwalwa, ko Talata ka zo.”

“Laraba,” in ji Sajan, ya fita yana sake kallon keken.

Matsala ta farko ita ce, mai tsayuwa da ƙafa ɗaya ba ya tsayawa cak. Duk dannawar da ya yi da ƙafar dama sai jikinsa ya karkata, yadin ya bi shi, ɗinki ya riƙa kwana kamar hanyar gona. Ya canja zuwa ƙafar hagu, ɗinkin ya kwana ɗaya gefen. Ya ja baya ya dubi ɗinkin, sai ya yi dariya shi kaɗai. Abin ai a fili yake. Ƙafar wando ta dama a taka da ƙafar dama, ta hagu da ta hagu, idan an sa a jiki sai karkata ta cinye karkata.

A gida ma bai sassauta ba. A tsaye yake cin abinci, kwano a kan firji, miya na ɗiga a gaban riga. A tsaye yake kallon labarai, ya tare wa kowa talabijin. Ƙanwar matarsa ta kawo ziyara, ya tsaya a kanta awa guda yana yi mata bayanin illar kujera, har ta ajiye kofin ruwa ta ce ta tuna ta bar murhu a kunne.

Kwana biyar ƙafafunsa suka kumbura suntum. Takalmi ya ƙi shiga. Ya zura silifas ɗin matarsa na wanka, ja mai fure a kai, ya fita aiki da su.

“Injiniya, ƙafar nan lafiya?” in ji Mai Aski daga kan kujera.

“Lafiya ce ta kawo haka. Ciwon ne ya baro baya yana gangarowa. Yanzu yana idon sawu. Nan da jibi zai fita ta tafin ƙafa.”

“To ka riƙa ɗaga ƙafar, kada wani ya taka ya kwasa.”

Gaskiyar da bai gaya wa kowa ba ita ce, bayan bai bar ciwo ba, abokai ma ya samu. Gwiwa na rawa, ɗuɗɗuge kamar an kafa masa ƙusa. Idan ya ga Mai Aski ya jingina yana gyangyaɗi, har yawu yake haɗiya. Amma ya riga ya yi shela a gaban layi guda, ta ina zai fara?

Ranar Litinin ta biyu sai ga shi ya murɗa ragowar yadi ya yi majanyi mai kauri, ya ɗaure a katakon rufin shago, ya zura hammatarsa ciki. Zuwa azahar hammata ta yi tsami, ya ƙara wani faffaɗan ƙyalle ya zagayo da shi ta ƙarƙashin mazaunai. Mai Aski ya leƙo ya daɗe yana nazari.

“Barka da zama.”

“Wa ya zauna? Rataya ce.”

“Lilo dai.”

“Ka ga ƙafa huɗu a jikinsa? Abin da ba shi da ƙafa ba kujera ba ne. Wannan mataki na biyu ne na binciken.”

Ya gama ɗinkin Talata da yamma, ya goge, ya ninke. A ninke kam sun yi kyau sosai. Daɗi ya kama shi, ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana gayyata: gobe da safe kowa ya zo ya ga abin da keken tsaye ya haifa. Har allo ya rubuta da allin awo ya jingina a ƙofa: A NAN AKE ƊINKI BA CIWON BAYA.

Laraba da hantsi layin ya cika. Masu shaguna, direbobin tasha, mata masu wucewa kasuwa, har matarsa ta zo ta tsaya can baya ta harɗe hannu. Sajan ya iso da mutanensa goma sha ɗaya, ƙarti majiya ƙarfi. Suka shiga bayan labule bibbiyu suna canjawa. Injiniya yana ta jawabi a bakin ƙofa cikin jan silifas.

Na farko ya fito, zif ɗin wandonsa yana kan ƙashin ƙugu na hagu. Na biyu aljihunsa na baya ya zagayo gaba. Na uku ƙafa ɗaya ta rufe takalmi, ɗayar ta tsaya a ƙwauri. Wani dogo ya fito hannun rigarsa ya murɗe, dole ya riƙe hannun a sama kamar mai tsayar da mota. Layin ya yi tsit, irin shirun da dariya ke taruwa a ƙarƙashinsa.

“Sabo ne,” in ji Injiniya da sauri. “Sai jiki ya ɗumama shi. Ku ɗan taka.”

Sajan ya daka tsawa, suka jeru. “Gaba, tafi!”

Suka taka. Wandunan suka riƙa jan su, masu karkatar dama suka nufi shagon Mai Walda, masu ta hagu suka yi wajen kwata. Biyu suka yi karo a tsakiya. Wani ya sunkuya zai ɗauki hularsa, hantsar wandon ta ce ɓaaar tun daga gaba har baya. Nan fa layin ya fashe. Wani direba har da zama a ƙasa yana riƙe ciki.

Sajan bai yi dariya ba. Ya tako a karkace har gaban Injiniya, ya yi magana a hankali, abin da ya fi tsawa ban tsoro. “Gobe ne. Da wannan zan tsaya a gaban mutanen da abincinmu ke hannunsu?”

Injiniya ya so ya ba da haƙuri. Amma ido ya yi yawa, baki kuma ya riga hankali. “Ƙaramin gyara ne, Oga. Minti biyu. Ciro naka in nuna wa jama'a.”

Sajan ya shiga bayan labule ya jefo wandon, ya fito ɗaure da wani yadi mai manyan furanni da ya samu a rataye. Injiniya ya shiga majanyinsa, ya gyara zaman da ba zama ba, ya kafa wando ƙarƙashin allura, ya waiwayo ga jama'a.

“Ku lura da ƙafar nan da kyau.”

Ya fara takawa da ƙarfin gaske. Bai lura jelar majanyin ta sauko har tayar ƙasa ba. Taya ta cafke ta ta fara naɗewa. Keken ya yi nauyi, shi kuwa ya ɗauka maiko ne ya bushe, ya ƙara ƙarfi.

“Injiniya, tsaya!” in ji Mai Walda.

“Hassada ce, kada ku kula shi!”

Yana waige yana magana, allura ta bi ta kan hannun rigarsa ta haɗa shi da wandon Sajan, ɗinki mai kyau, madaidaici, irin wanda bai yi ba duk makon. Sai ƙafar keken ta hagu ta ce ƙaras a daidai wurin walda. Keken ya kwanta gefe, jelar ta tsinke, majanyi ya kwashi Injiniya ya wurgo shi waje ta ƙofa, ƙafafu a sama, wandon Sajan na kaɗawa a hannunsa kamar tuta. Silifas ɗaya ya tashi ya sauka a kwanon ruwan Mai Aski. Lilo ya mayar da shi ciki, ya sake fito da shi. A fitowa ta biyu ya rarumi abin da hannunsa ya samu, abin kuwa yadin furannin Sajan ne. A ta uku katakon rufi ya gaji ya saki.

Injiniya ya sauko daɓas a kan mazaunansa, ƙura na zubo masa a ka.

“Ya zauna!” in ji Mai Aski da iyakar muryarsa. “Jama'a ku shaida, ya zauna!”

Bai daɗe ba kuwa, domin a kan ƙullin allurai ya sauka. Ya zabura da ihu, kafin ya kai rabin miƙewa bayan ya sake cewa ƙas. Ya ƙame a nan, ba a zaune ba, ba a tsaye ba, hannu ɗaya ɗinke da wando. Gefensa Sajan ne cikin gajeren wando, yana kare kansa da allon da aka rubuta ba ciwon baya.

Matarsa ce ta ratso taron. Ta ɗauki almakashi ta raba shi da wandon, ta sa masu gadi huɗu suka ɗauke shi yadda yake suka kwantar a kan teburin yanka, rub da ciki. Ta cire allurai uku da hannunta, kowace da nata ihun. Sannan ta juya ga Sajan.

“Oga, ka yi haƙuri. Yankan daidai yake, ɗinkin ne ya sha giya. Na iya keke tun kafin in san wannan bawan Allah. Ka ba ni mutanenka su farke, ni in haɗa. Kafin rana ta faɗi za ku tafi da kayanku.”

Haka aka yi. Mai Walda ya yanke ƙarin ƙafafun ya ɗaure keken da ƙarfe ya dawo tsawonsa. Mai Aski ya raba reza. Ƙarti goma sha ɗaya suka baje a ƙofar shago suna farke ɗinki da manyan yatsu, harshe a waje. Ita kuma ta hau keke, tana yi tana tashi ta miƙa wa mai gugan layin ta dawo. Duk wanda aka gama nasa sai ya sa ya taka daga nan zuwa bakin titi, jama'a na duba ko zai kwana. Babu wanda ya kwana.

Da la'asar sakaliya saura wandon Sajan kaɗai. Yana zaune a kan bulo ya rufe cinya da tawul ɗin aski, fushinsa ya fara sauka. Injiniya kuwa har mutane sun fara tausaya masa. Yana kwance, kunci a kan tebur, yana jin yadda bayan ke lafawa a hankali. Sai ya juya ido ya kalli rufi, ya kalli keken, ya sake kallon rufi.

“Mai Walda,” ya ce da 'yar siririyar murya. “Ka san tun da na kwanta ban ji ciwo ba? Ashe duk kuskure muka yi. Da za a kife keken nan a manna shi a sama, mutum yana kwance rigingine, feda kuma...”

Keken ya tsaya. Matarsa ta ɗago kai. Sajan ya miƙe tsaye, tawul a hannu.

“Ƙarasa,” in ji Sajan. “Don Allah ƙarasa maganar, ina ji.”

Injiniya ya dubi Sajan daga sama har ƙasa, ya dubi almakashin da ke hannun matarsa. Ya nemi Mai Walda da ido, sai ya hango shi can ya naɗe wayar waldarsa a kafaɗa, yana sa wa shagonsa kwaɗo tun rana ba ta faɗi ba.

“Ruwa,” in ji Injiniya. “Cewa na yi a taimaka min da ruwa.”